Damo da katantanwa: wa za mu tambaya labarin gona?



An ce in yi magana bisa gyaran ƙasa, ni kuwa na ce zan yi ta bisa damo da katantanwa. Na ga wasu na murmushi, ba laifi. Tambayar da ta kawo ni ita ce wagga: in an yi aiki cikin fako, an jera duwatsu, an gina rabin wata, an shuka itace, ta yaya za mu san ƙasar ta farfaɗo da gaske? Wa za mu tambaya? Ina da shaidu biyu, guda babba ne da kowa ya sani, guda ƙarama ce da muke takawa ba mu duba ba. Ku bari in gwama su, ku yanke hukunci da kanku.

Mu fara raba damo da guza, don yara na yanzu suna haɗa su. Damo na tudu ne, gajeren kai, kaurin jiki, babbansa kan kai wajen mita guda. Guza na bakin ruwa ne, ya fi tsawo, yakan kai mita 2, wutsiyarsa kamar filafilin jirgi, gwanin iyo. Fatar irinsu ce ake rufe ƙwaryar goge da ita. Babban yayansu duka yana can tsibiran Indonesiya, ana kiransa dodon Komodo, yana kai mita 3 da nauyin kilo 70. Namu na nan, wanda nake nufi yau, damo ne.

Katantanwa kuma, ta tudu nake nufi, ƴar ƙaramar nan da ba ta wuce gaɓar yatsa ba, wadda ake gani ƙarƙashin sabara ko gindin dutsi bayan ruwa ya sauka. Mai ran da ke ciki shi ne dodon koɗi. Ina jaddada ta tudu saboda dalili: akwai ƴar uwarta ta ruwa, cikin tabki da madatsai, kuma ita ce tsutsar tsargiya ke girma cikinta kafin ta fito ta shiga fatar yaron da ke wanka. Wanda ya ga ɗansa na fitsarin jini ya kai shi likita, akwai magani. Amma ta tudu ba ta da hannu cikin tsargiya, kada a kama ta da laifin dangi.

To, waɗannan biyu, babba da ƙarama, abokin gabarsu guda ne, shi ne namu kuma: rani. Damanarmu wata uku ce zuwa huɗu, sauran shekara iska ce da rana. Ba mai rumbu cikinsu, ba mai rijiya. Yaya suke yi?

Damo ci yake yi. Da ruwa ya sauka, ba ya zama, yini yake yana yawo yana fitar da harshen nan nasa mai baki biyu, da shi yake sansana hanyar abinci. Abin da ya ci ya wuce bukata sai ya zama kitse cikin ciki da gindin wutsiya. In sanyi ya shigo, ciyawa ta bushe, ƙwari sunka ɓace, sai ya nemi rami ko kogon itace ko tsohon suri ya shige. Masu binciken da sunka bi shi a Senegal sun tarar yana yin kusan rabin shekara ba ya cin komi, kitsen nan yake ƙonawa kaɗan kaɗan har gajimare ya dawo.

Katantanwa ba ta da wurin aje kitse mai yawa, kuma jikinta kusan duk ruwa ne. In ta tsaya fili yini guda cikin watan Afrilu, ta zama ƙanzo. Sai ta nutsa cikin ƙasa ko ta shiga ƙarƙashin dutsi, ta janye jikinta can ƙuryar ɓawo, ta fitar da yauƙi ta shafe bakin ƙofa, yauƙin ya bushe ya zama murfi. Numfashi ya ragu, bugun zuciya ya ragu, ta zama kamar tsakuwa. Ku ji wani labari na gaskiya. A 1846 an kai wata katantanwa daga hamadar Masar zuwa babban gidan tarihi na Landan. An ɗauka ɓawo ne kawai, anka manna ta da danƙo bisa kwali, anka rubuta sunanta, anka aje. Sai a 1850 wani ma'aikaci ya lura da alamar sabon yauƙi bakinta. Anka ɓamɓare ta, anka sa ta cikin ruwa mai ɗumi, sai ga ta ta fiddo kai tana tafiya. Shekara huɗu manne bisa kwali, ba ci ba sha.

Mu Hausawa mun naɗa damo sarkin haƙuri. Ni dai da za a sake zaɓe, katantanwa zan jefa wa ƙuri'a. Kuma tunda maganar ta zo, bari in ɗan ratse. Sau nawa ake ce wa talaka ya yi haƙurin damo? Mai faɗin hakanan ya manta damo bai shiga rami da ciki wofi ba. Wata huɗu ya yi yana tara guzuri, sannan ya kwanta. Wanda anka ce ya yi shiru ya jira, alhali rumbunsa ya ƙare tun watan Fabrairu, yunwa ce yake yi, ko da an sa mata suna mai daɗi. Mu koma ga magana.

Mi damo ke ci? Nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna zaton kaji da ƙwai ne abincinsa. Guza kam ɓarawon ƙwai ne, har na kada yana tonewa. Amma da anka duba cikin damo a Senegal da Gana, abin da anka fi tararwa ƙananan halittu ne: ƙadandoniya, gyare, fara, buzuzu, kunama, da katantanwa. Ƙadandoniya tana da wani ruwa mai ɗaci da take fitarwa in an taɓa ta. An ga damo yana murza ta da haɓarsa bisa ƙasa har ruwan ya ƙare, sannan ya haɗiye. Wannan kam ba aikin wawa ba ne.

Sai haƙora. Ɗan damo haƙoransa masu tsini ne, na kama ƙwari. In ya girma, na can baya sai su zama dakusassu, masu faɗin kai kamar taɓarya, kuma ƙarfin muƙamuƙinsa can baya yake taruwa. Aikinsu fasa abu mai tauri, ɓawon katantanwa da makamantansa. Wato ko cikin bakin babban nan akwai rubutun ƙaramar. Kitsen da ke kai damo ƙarshen rani, daga jikin ƴan abubuwan nan da muke takawa ya fito. Su kuma mi suke ci? Ganyen da ya faɗi, karan da ya ruɓe, kashin dabba, duk abin da ya kwanta bisa ƙasa yana riƙe laima.

Kada ku rena aikin bakin katantanwa. Harshenta kamar magagari yake, da ƴan haƙora dubbai, tana kankare abu tana haɗiya, abin da ta fitar ya zama taki. A hamadar Negeb ta Isra'ila akwai wasu ƴan ƙanana, tsawonsu wajen santimita guda, da ke cin wani abu mai kamar gansakuka da ke rayuwa cikin fatar dutsi. Don su kai gare shi sai sun kankare dutsin kansa. Binciken da anka buga a 1987 ya auna cewa suna maida kusan tan guda na dutsi ya zama gari cikin kowace hekta, kowace shekara. Namu na nan ganye suke ci, ba dutsi ba, amma sana'ar guda ce: maida abin da ya mutu ya koma ƙasar noma. Ɓawon kuma alli ne, irin sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai. A Holan, cikin 1994, an nuna cewa dazuzzukan da katantanwa ta ragu cikinsu, tsuntsaye sun koma yin ƙwai mai ɓawo sirara da ke fashewa kafin ƙyanƙyasa. Mai zabi da ke sakin su cikin gona da damana, ya san abin da suke tsattsaga.

Mu mutanen Adar ma muna zaune bisa aikin danginta. Wanda ya taɓa hawa duwatsun Keita ko na Buza ya ga ɓawon halittun ruwa sun zama dutsi, can bisa tudu inda ko raɓa ba ta daɗewa. Masana ƙasa sun ce wajen shekara miliyan 60 da sunka wuce teku ne ya rufe wurin nan. Farin dutsin da ake haƙa a Malbaza ana yin siminti tun shekarun 1960, ragowar masu ɓawo ne da sunka taru ƙarƙashin wannan teku. Duk wanda ya yi daɓen siminti a gidansa, ya taka aikinsu.

Yanzu ga inda shaidun nan biyu sunka rabu, kuma shi ne zuciyar maganata: ƙafa. Damo na da ƙafa huɗu masu ƙarfi da farce. In wuri ya lalace ya bar shi, in ya ji ƙamshin abinci can gaba ya tafi. Ganin damo ya ratsa gonarka abin farin ciki ne, amma ba ya gaya maka komi tabbatacce game da gonar. Wataƙila daga fadama ya fito, wataƙila hanyarsa ce kawai. Katantanwa ƙafa guda gare ta, tafiyar dare ce da asuba, kuma sai bisa laima. Inda anka haife ta, nan kusa za ta rayu, nan za ta mutu. Fako mai faɗin taki hamsin, gare ta Tenere ne. Saboda haka in ka ɗaga ganye gindin kalgo ka tarar da ita da rai, da ƴan ƙanana kusa da ita, to wurin nan, wannan taki guda ɗin, ya riƙe inuwa da laima da abinci shekara da shekaru ba yankewa. Ba ta iya zuwa rana guda don baƙi su gan ta ta koma.

Sai dai a kula: fararen ɓawo wofi da ake tsinta bisa fako, waɗanda muka riƙa murzawa muna wasan koɗi muna yara, ba su ne shaida ba. Ɓawo na daɗewa ƙwarai bayan mai shi ya mutu, ruwa ma na kwaso shi daga wani wuri. Har cikin Sahara ana tsintar su inda yau ko ciyawa babu. Labarin jiya suke bayarwa. Mai rai ake biɗa, mai nauyi a hannu, mai murfi ko mai yauƙi.

Mi ya haɗa wanga da gyaran ƙasa? Yankinmu ba baƙo ba ne ga aikin. Tun 1975 anka fara jera dogon yaro layi layi cikin kwarin Majiya, wajen Buza, tare da ƙungiyar CARE, don tare iska, kuma awon da anka yi ya nuna hatsi ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100 bayan layukan. A 1984, shekarar yunwar nan da dattawa ba su manta ba, aikin Keita ya soma, da kuɗin Italiya, da FAO, da abincin PAM da ake biyan ma'aikata da shi. Cikin kusan shekara ashirin an gyara sama da hekta 34,000, an shuka itace wajen miliyan 18, an yi madatsai da rijiyoyi da hanyoyi, aikin ya kai har Buza da Abalak. A ƙarshen shekarun 1980 manoman Illela sunka je Yatenga ta Burkina Faso sunka ga yadda ake gina ramu ana zuba taki, sunka dawo sunka inganta tassa, har fakon da ba mai so kyauta ya koma ana saye da kuɗi. Can Maraɗi kuma, daga 1983, sassabin zamani ya bazu, manomi ya bar kututture ya tofo ya raine shi, har ana lissafin hekta miliyan 5 cikin Nijar.

Babban aiki ne, wanda ya ce ba a yi komi ba bai san yadda wurin yake da ba. Kuma mu faɗi gaskiya, a Keita yawancin waɗanda sunka ɗauki duwatsun nan bisa kai mata ne. Maza sun tafi biɗa, Najeriya, Abijan, Libiya. Ba zargi nake ba, wanda ke da ƙafa dole ya nemo abin da za a ci. Amma waɗanda ba su da inda za su, su ne sunka san ko wane lungu na ƙasar nan, kuma har yau in baƙo ya zo tambayar yadda gona take, ba su ake fara kira ba.

Abin da ke damuna shi ne irin lissafin da munka gada. Hekta nawa, itace nawa, madatsa nawa, buhu nawa anka raba. Duk lissafin damo ne: abin da ke da girma, ana hango shi daga cikin mota, yana kyau a hoto. Ana iya gina rabin wata dubu cikin wata guda, a ɗauki hoto, a rubuta rahoto, bayan damana biyu yashi ya cike su, itacen ya mutu, takarda kuwa tana nan tana cewa an gyara. Takarda ba ta ƙarya da gangan, abin da anka tambaye ta ta amsa. Ba wanda ya tambaye ta ko akwai abu mai rai ƙarƙashin ganye, ko ma akwai ganyen.

Ganyen nan da karan nan, su ne wurin da magana ke da wuya. Bayan girbi muna kwashe kara tas, mu share har da tushiya, wasu su bi da manjagara su tattara ɗan abin da ya rage. Na san dalili. Bisashe na bukatar ci, kara ya zama kuɗi, watan Mayu damin kara na iya ceton akuya, akuya kuma na iya ceton gida. In ma ka bar shi, wani na iya zuwa da dare ya kwashe. Ba zan tsaya nan in ce wa mai tunkiya biyu ya bar su da yunwa don katantanwa ta samu inuwa ba, za ku kore ni, kuma da gaskiyarku. Amma gonar da anka aske ƙwal tun Nuwamba, wata bakwai take kwance tsirara. Iska ta ɗauke garin sama, rana ta gasa abin da ya saura, gara ba ta da abin da za ta ja cikin ƙasa ta buɗe ƙofofin da ruwa ke bi. Ruwan farko ya zo ya gudu bisa kai ya tafi ya ƙara wa ƙorama faɗi. Tsakanin a kwashe duka da a bar duka akwai wuri: gindin sabara da kalgo, bayan jeren dutsi, cikin ramin tassa, bakin iyaka. Ko nan kaɗai anka bar wa rufi, ƙananan nan sun samu inda za su ci rani.

Sabara ma ta cancanci a yi mata adalci. Bincike a Senegal ya nuna saiwarta na jawo ruwa daga can ƙasa da dare ta saki kaɗan kusa da sama, har hatsin da ke gefenta ya sha. Shi ya sa gindinta ke da sanyi, shi ya sa can za ka fara duba katantanwa. Kuma tun Yulin 2020 akwai dokar gwamnati bisa sassabin zamani da ta amince manomin da ya raini itace cikin gonarsa shi ke da hakkin amfaninsa. Wanda ke tsoron in ya bar itace ya girma za a ce ba nasa ba ne, ya je ya tambayi ma'aikatan gandun daji da kwamitin ƙasa na garinsu a karanta masa ita.

Kada a ce na ɗauki ɓangare na manta da damo. Shi nasa haɗarin daga hannunmu yake kai tsaye. Kitsen nan da ya tara don rani, shi ne man damo da ake saidawa kasuwa, ko da yake Allah kaɗai ya san nawa cikin kwalaben nan ne sunka taɓa ganin damo. Ana tone shi cikin rami lokacin da ba shi da ƙarfin gudu, ana cin nama, ana saida fata. Fatun danginsa an fitar da su daga ƙasashen Sahel da dubban ɗaruruwa zuwa Turai don takalma da jakunkuna, shi ya sa tun 1975 yarjejeniyar duniya ta cinikin namun daji ta sa su cikin waɗanda ba a ƙetare iyaka da su sai da takarda. Macen tana yin ƙwai wajen ƙarshen damana, ta binne, su kwana cikin ƙasa har rani ya wuce. Wanda ya kashe mace mai ciki a watan girbi, ba guda ya kashe ba, ya kashe ishirin ko talatin, kuma duk masu cin fara da gyare ne da za su yi masa gadin gona kyauta. Ita ma katantanwa ba waliyyiya ba ce, masu lambu a fadamar Tarka sun san tana iya lasar ɗanyen salati da irin da ya fara tsiro. Cikin lambu a tsince ta da hannu da asuba a ba kaji. Cikin gonar tudu kuwa ba ta da ɓarnar da ta kai a yi magana.

Ga abin da nake roƙo, ba ya bukatar kuɗin kowa. Bana, bayan ruwa na uku, malaman lakwal su fita da yara da sassafe kafin rana ta yi zafi, tare da mata biyu ko uku da sunka san wurin. A zaɓi wuri uku cikin gari: fakon da ba a taɓa ba, wurin da anka yi aiki shekarun baya, da gonar da mai ita ke barin sabara da kara. Kowane wuri a auna taki guda tsawo, taki guda faɗi, sau goma. A duba ƙarƙashin ganye da dutsi, a ƙirga katantanwa mai rai daban, ɓawo wofi daban, ƙadandoniya daban. In an ga ramin damo ko sawunsa, a rubuta shi ma. A sa kwanan wata, a aje littafin wurin mai gari ko daraktan lakwal, baɗi a koma daidai wuraren nan. Galma ta yi nata, Buza ta yi, Keita ta yi, in mun sake haɗuwa kowa ya zo da littafinsa, mu aza shi kusa da rahoton hekta mu gani ko bakinsu ya zo ɗaya.

Ku gaya wa yara da sanda ake ɗaga dutsi, ba da hannu ba, don kunama ma can take kwana. In an gama dubawa a maida dutsin yadda anka tarar da shi, gefen mai laima yana ƙasa.